Rasuwar Uwar Garke, Kwamfutar Asibitin Shanunmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma kunyar da ta fi baƙin cikin nauyi, ni Dakta Nchimunya Hamoonga, a madadin asibitin dabbobinmu da ke Monze, nake sanar da makiyaya da manoma da sauran abokan arziki rasuwar babbar kwamfutarmu, wadda kowa ya sani da suna Uwar Garke. Ta rasu ranar Talata, ɗaya ga Oktoba, da misalin ƙarfe biyu da kwata na rana, a ɗan ɗakinta da ke bayan firjin magani. Shekarunta goma sha uku.

Marigayiya ba ta da kyan gani. Baƙin akwati ce mai tsayin gwiwa, ƙura ta daɗe da cin fentinta. Amma a cikinta tarihin shanu dubu takwas da 'yan kai yake: lambar kunnen kowace saniya, uwar da ta haife ta, bijimin da ya hau ta, ranar da aka yi mata allura, har da lambar kwalbar da aka zuƙo maganin. Ba ta taɓa neman hutu ba. Ba ta da surutu, sai wani ɗan gunji ƙasa-ƙasa, "hummm", wanda kunnena ya saba da shi har ba na jinsa sai in ya tsaya. A daminar bara waccan, da intanet ya ɗauke kwana tara a garin nan, masu shagon iri da taki na tsallaken titi sun zauna sun zuba tagumi, mu kuwa ko a jikinmu. Na yi ta cika baki da wannan har mutane suka gaji da ji.

Cika bakin ne ya kai ni ga ce wa makiyaya su daina wahalar ajiye katin allura. Na ce musu kati yana jiƙewa, ɓera yana ci, amma abin da ya shiga cikin Uwar Garke ya shiga ke nan. Suka yarda da ni.

Mutum ɗaya ce ba ta yarda ba, abokiyar aikina Dakta Mutinta Siachitema. Shekara uku tana bina mu kwashe bayananmu mu mayar kwamfutocin wani kamfani da ake shiga ta intanet, abin nan da suke kira gajimare.

"Ba Hamoonga, tsohuwar nan taka fa ta fara tari," in ji ta. A wurinmu "Ba" ɗin nan kamar a ce "Malam" ne.

"Tarinta na sani. Su mutanen gajimaren naki, ko fuskarsu kin taɓa gani? Mutumin Tonga ko matarsa ba ya gaya wa yawan shanunsa, ni kuma in tattara na gunduma guda in miƙa wa wani a ƙasar da ban taɓa takawa ba?"

"To ni fa? Ina can daji, hannuna cikin saniya har kafaɗa, sai na bugo maka waya ka karanto min tarihinta. Ran da kake coci sai saniyar ta jira a tashi?"

"Ran da intanet ya ɗauke kuma sai ta jira wa?"

Haka muke rabuwa kullum, kowa da gaskiyarsa a hannu.

Rashin lafiyar ajali ta fara da farin bana. Ruwa ya ja baya a madatsar Kariba da ke ba mu lantarki, wuta ta koma sai a ɗauke awa goma sha bakwai a rana. Batiran da ke tare wa marigayiya wuta suka kumbura. A watan Agusta mai gyaranta, Ba Sitali, ya zo daga Mazabuka. Balozi ne, wato ɗan ƙabilar Lozawa, abokan wasanmu, ba ya buɗe baki bai tsokane ni ba.

"Ku mutanen Tonga ke nan," ya ce. "Da saniya ce ke wannan nishin, da tuni ka tara dangi. Ka canza batiran nan a makon nan. Shi kuma faifan da kake kwafe komai a ciki, wa ya ce ka ɗora shi a kanta? Waya ɗaya suke shan wuta. Ran da za ta tafi, tare za su tafi. Ka riƙa cire shi kana kai shi gida."

Na ce masa in na gama zagayen allura zan yi. Na gama zagayen, ban yi ba. Ba wanda zan ɗora wa wannan.

Ranar Talatar ina cin nshima, tuwon masararmu, a ofis aka kawo wuta da ƙarfi. Na ji ta yi wani dogon kuka, "tiiiii", wanda ban taɓa ji daga bakinta ba, sannan "fat". Ƙaurin roba ya cika ɗakin. Mutinta ta leƙo, ta dube ta, ta dube ni, ta koma. Washegari Ba Sitali ya buɗe cikinta, ya ɗauki faifanta da na kwafin ya jona a tasa kwamfutar, ya daɗe yana kallo. Da na ga ya rufe jakarsa bai tsokane ni ba, na san an yi rashi biyu.

Ranar Alhamis Bina Chipego, wato uwar Chipego, ta iso daga Chisekesi. Mijinta ya rasu shekara huɗu da suka wuce ya bar mata yara biyar da shanu goma sha tara. Ciyawa ta ƙare ƙaf a wajensu, dam ya zama laka. Ƙanin mijinta ya samo mata wuri a fadamar Kafue, inda har yanzu akwai ɗanyen haki, an kuma shirya babbar mota za ta kwashi shanun ranar Asabar. Abin da ya rage takardar izinin tafiya, ita kuwa ba a bayarwa sai da shaidar allurar saifa da ta harbin dawa. Ni da hannuna na yi musu allurar a watan Yuni.

Na ɗauke ta a motata muka je wurin jami'in dabbobi na gunduma, mutumin da muka san juna shekara ashirin. Ya saurare ni har na gama.

"Na yarda da kai, Dakta," ya ce. "Amma na kan shingen hanya ba yarda yake karantawa ba. Lambar kunne yake nema, da kwanan wata, da lambar kwalba. Ka ba ni su in sa hannu yanzu."

Ba ni da su. Bai yi mana mugunta ba, aikinsa ya yi. Aka ce a sake allurar, a jira kwana ashirin da ɗaya.

Na sake musu ranar Juma'a. Sau uku ina kai mata dusa da karan masara da na samo da ƙyar, amma abin da zai ishi saniya biyar ne ake raba wa goma sha tara. Ta farko ta kwanta a kwana na takwas. Zuwa makon jiya huɗu sun tafi, har da mai ciki wata bakwai. Na iske Bina Chipego a bakin garke, ana feɗe ta huɗun, ba ko naman kirki a jikinta. Na fara yi mata bayanin wuta da batir da faifai. Ta bari na kai ƙarshe.

"Dakta, ni ban san wata kwamfuta ba," ta ce. "Kai na sani. Katin nan tun zamanin baban Chipego yana cikin akwatina, a cikin leda. Kai ka ce in daina wahala. Da shi na hura wuta."

Ba ta ɗaga murya ba. Har ruwa ta sa aka kawo min. Na riƙe kofin, na kasa sha.

Marigayiya ta rasu ta bar ƙananan kwamfutoci uku da yanzu in an kunna su ba su san wa za su gaisar ba, da na'urar buga takarda guda, da batira biyu masu kumburin ciki, da fankar da ta yi shekaru tana yi mata fifita. Ta kuma bar makiyaya arba'in da ɗaya da ke jiran irin takardar da Bina Chipego ta jira, da ni.

Game da wadda za ta gaje ta, Mutinta ta same ni a ofis ta rufe ƙofa.

"Ba zan ce na gaya maka ba."

"Ki faɗa mana, ai hakkinki ne."

"Ba shi ya kawo ni ba. Ko mu koma gajimare a watan nan, ko ka nemi wata abokiyar aikin. Ba zan sake tsayawa gaban wata matar ba ni da abin faɗa ba."

Na sa hannu. Ranar da muka fara gwada sabon tsarin intanet ya ɗauke awa huɗu. Wani dattijo da ya zo daga nesa ya zauna a benci yana jiran a rubuta ɗan maraƙinsa, Mutinta na kallon ɗan da'irar nan da ke juyawa a fuskar kwamfuta. Ba ta dube ni ba. A ƙarshe ta jawo kati da biro ta rubuta masa da hannu. Mun amince kowane makiyayi zai koma riƙe katinsa. Ba Sitali yana so mu ajiye wata ƙaramar na'ura da za ta riƙa sauko da kwafi duk mako, a gidan Mutinta, ba a nawa ba. Har yanzu ban san su wane ne ke riƙe da sirrin shanun mutanenmu a can ba, kuma barcina bai dawo daidai ba.

An tura faifan biyu Lusaka don a bincika ko akwai abin da ya tsira. Ba Sitali ya ce kada kowa ya sa rai.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi, ashirin da bakwai ga wata, ƙarfe biyu na rana, a harabar asibiti, domin masu ibadar Asabar da masu ta Lahadi duk su samu zuwa. Ba za a binne ta ba, an ce kayan cikinta suna ɓata ƙasa, masu sayen tsohon ƙarfe za a miƙa wa. Akwai chibwantu, kunun masararmu, mai sanyi ga kowa. Abokan wasanmu Lozawa suna da izinin shafa min gari a fuska da faɗin duk abin da suka ga dama, ba zan rama ba.

Masu zuwa ta'aziyya, don Allah kada a kawo garin masara ko itace ko sukari. Duk wanda ke da tsohon kati, ko wata 'yar takarda da muka taɓa ba shi, ko ta yage ko ɓera ya ci rabi, ita za a kawo. Wanda ba shi da komai ya zo da abin da ya tuna, akwai masu rubutawa.

Za a tashi ƙarfe huɗu, domin daga nan zan wuce Chisekesi, inda za a loda shanu goma sha biyar zuwa fadama. Biyu daga cikinsu ba sa iya miƙewa da kansu. Duk mai igiya mai ƙwari da ƙarfin kafaɗa, akwai wurin mutum huɗu a motata.