Ranar da Mushe Sha'ibu Ya Koya wa Tsofaffin Magariya Kallo

Wani gari da attajirai yake taƙama, wani da malamai, wani da ƴan kokawa. Magariya kuwa Allah ya keɓe ta da Mushe Sha'ibu, mutumin da ya san kallo. Kada ka ce ai kowa ma yana da ido. Idan ka kuskura ka faɗi haka a ƙofar gidansa da hantsi, zai zaunar da kai ya yi maka bayani har rana ta take tsaka, ko kurɓar ruwa ba zai nema ba.

Shekara talatin da biyu ya yi yana koyarwa a lakol, daga Sassumbrum zuwa Guci, daga Guci zuwa ƙauyukan da sai an sauka daga moto an tura ta cikin rairayi. Abokan aikinsa sun fito retret, wato ritaya, da gonaki da tumaki. Shi ya fito da kaset ɗin bidiyo dubu ɗaya da ɗari biyu da goma sha huɗu. Ɗakin da ya fi kowane kyau a gidan, mai daɓen siminti da taga biyu, shi ya ba su. Buhunan waken matarsa Fanna suna ƙarƙashin rumfa suna fama da ƙwari, amma kowa ya san wake ana samunsa a kowace kasuwa.

Kowane kaset yana da lamba da aka rubuta da jan bik. Akwai kuma kaye, littafin rubutu mai baƙin bango, inda Mushe yake ba fina-finai maki bisa ashirin, kamar yadda ya saba yi wa ƴan lakol. Wani fim da aka ce duniya ta yaba ya samu tara da rabi, da sharhi a gefe: “Zai iya ƙoƙari fiye da haka.” Ba ya ba da aro. Da fayafayan sidi suka fito ya karɓe su da ƙyar, ya ba su kanta ɗaya a bayan ƙofa. Amma fim ɗin cikin salula, wanda samari suke tura wa juna a tasha a kan ɗan katin da bai fi farce ba, wannan ko sunansa ba a faɗa a gidan.

“Fim ɗin da za ka iya haɗiyewa cikin fura ba ka sani ba,” in ji shi, “ba fim ba ne.”

Samarin unguwa suna ce masa Ministan Kaset. Da labari ya kai masa bai yi fushi ba. Gyara ɗaya kawai ya yi: minista ana sauke shi.

Babban abin da Mushe Sha'ibu ya gano, wanda yake jiran duniya ta gode masa a kai, shi ne kallo ma aji-aji ne.

“Yaro yana farawa da fim ɗin faɗan ƴan Sin,” haka yake faɗa, hannu ɗaya a baya, ɗaya yana nuna tablon aji da babu shi. “Ihu da tsalle. Wannan ajin farko ne. In gemu ya fara fitowa sai ya koma na Indiya, a yi ta zagaya itace ana waƙa. Daga nan, in ya yi aure, sai na Kano, ya ga rigimar gidansa a gidan wani ya ji sanyi. Mafi yawan mutane a nan suke mutuwa. Ƙalilan ne, ƙalilan ƙwarai, suke kaiwa inda hankali ba ya son komai sai ilimi. Ba na son in faɗi suna.”

Duk ajujuwan nan ya zauna su, kuma akwai shaidu. Hambali, tsohon majo, mai jinya a gidan likita, abokinsa tun suna samari, ya tuna lokacin da su biyu suke cika gaban benci a gidan bidiyon bakin kasuwa, Sha'ibu ya fito yana sara iska da hannu har ya taɓa kifar da tiren mai ƙuli-ƙuli. Fanna kuma ta tuna zamanin da yake zuwa zance, ya laɓe bayan dalbejiyar ƙofar gidansu yana rera mata waƙa da wani yaren da ko Indiyawan ba za su gane ba. Idan aka tayar da waɗannan zantuka, Mushe yakan gyara tabarau ya ce bincike yake yi a lokacin. Kaset ɗin faɗa duk ya sauke su kantar ƙasa, dab da daɓe, ya juya fuskarsu bango.

Ana cikin haka amikal, wato ƙungiyar ƴan retret na unguwa, ya yanke shawarar kafa kujerar mai kula da al'adu. Mushe bai nemi kujerar ba. Ya dai bi gida-gida yana bayyana wa mutane irin asarar da za su yi in suka ba wani. Wanin kuwa Hambali ne, mutumin da yake kallon duk abin da aka tura masa a salula, yana dariya har da buga cinya. Mushe ya ga lamarin ya wuce wasa. Saura kwana biyar zaɓe ya aika wa kowa takardar gayyata da rubutun hannunsa: ranar Alhamis bayan azahar, a gidansa, za a ga abin da ake kira al'ada.

Tsofaffi goma sha ɗaya suka zo, har da shugaban amikal, Alhaji Alhassan, da sandarsa. Aka shimfiɗa tabarmi a ɗakin kaset. Mushe ya fito cikin babbar riga mai sitaci, ya yaye ƙyallen da ke rufe da tele da injin bidiyo kamar mai buɗe amarya. Sannan ya karanta doka: ba cin gyaɗa, ba magana, ba tambaya sai an gama.

“Abin da za ku gani yau,” ya ce, “ba don nishaɗi aka yi shi ba. Wanda ya zo neman nishaɗi, ga ƙofa. Wannan fim na ba shi sha tara bisa ashirin, kuma a rayuwata ban taɓa ba ɗan Adam sha tara ba. Wasunku ba za su gane ba. Ba laifinku ba ne. Ni ma sai da na shekara hamsin.”

Gabatarwar ta ci minti arba'in. Daga nan aka kunna.

Fim ne na Faransanci, na awa biyu, a kan rayuwar dodon koɗi. Wani Bature mai murya kamar ana zuba gero a ƙwarya yana bayani a hankali, dodon koɗi kuma yana ƙoƙarin tsallake ganye ɗaya. Rana ta dafa kwanon rufi. Bantilata tana juya zafin daga wannan kusurwa zuwa waccan. Alhaji Alhassan ne ya fara jingina goshi a kan sanda. Wani tsohon ɗan duwan, wato kwastan, ya bi bayansa, baki buɗe. Hambali ya yi ta maza har dodon koɗin ya kai tsakiyar ganye, sannan shi ma ya miƙa wuya.

Mushe kuwa, don a faɗi gaskiya, bai yi barci ba. Ya lumshe ido ne don ya ji Faransancin da kyau. Daga baya ya kwantar da kai a jikin kanta don ya ƙara ji. Minsharin da maƙwabta suka ce sun jiyo ta taga ba a tabbatar da na wane ne ba, ko da yake ya fi ƙarfi ta wajen babbar riga mai sitaci.

Fanna ta dama fura tun kafin su zo, tana ganin za ta yi tsami. Ta yafa mayafi ta zo bakin ƙofa ta yi sallama sau uku. Baturen nan kaɗai ya amsa. Ta leƙa, ta ga maza goma sha biyu a zube kamar buhunan da aka sauke daga mota. Shekara talatin ita ke share ɗakin nan, ta san injin fiye da mai shi. Ta tsallake ƙafafu, ta duƙa kantar ƙasa, ta zaro kaset ɗaya wanda ko ƙura babu a kansa, ta cire dodon koɗi ta saka shi, ta murɗa sauti har ƙarshe.

Wani ihu ya tsaga ɗakin, sai ƙarar naushi kamar ana fasa itace.

Tsofaffi suka zabura. Alhaji Alhassan ya ɗaga sanda yana salati. Hambali ya murza ido, ya dubi tele, sai fuskarsa ta washe.

“Kai! Wallahi shi ne! Wanda aka kashe wa malami, ya hau dutse ya koyo faɗa wajen tsoho mai farin gemu!”

“Shi ne!” in ji tsohon ɗan duwan. “Sau shida na kalle shi a Damagaram!”

Kafin minti biyar an ture tabarmi an matso gaba. Mutanen da ba sa tashi daga sallah sai sun dafa bango suna ta kai wa iska naushi. Gyaɗar da aka hana ta fito daga aljihuna. Mushe ya miƙe zaune, ya gyara tabarau, ya buɗe baki zai tsawata. Kuma da ya tsawata ɗin, da watakila yau yana kan kujerarsa. Sai dai a daidai lokacin Hambali ya ce:

“Ku duba, ku duba! Yanzu zai juya ya kai masa da ƙafar hagu!”

Mushe Sha'ibu zai iya jure yunwa, ya jure zafi, ya jure rashin kuran, wato wutar lantarki. Kuskure a gabansa ne ba zai iya jurewa ba.

“Fot!” ya daka tsawa. “Dama ce! Da hagu yake tokare ƙasa!”

“Hagu ce, Sha'ibu.”

“Hambali, kai allura ka sani. Zai ja baya taku biyu, ya yi kamar zai faɗi, ya duƙa, sannan ya juya. Ku ba ni wuri!”

Aka ba shi wuri. Ya naɗe babbar riga a kafaɗa. Ya ja baya taku biyu, ya yi kamar zai faɗi, ya duƙa. Ya saki wani ihu da ya sa awakin Fanna suka tsinke igiya, ya juya, ƙafar dama ta tashi sama har ta wuce kan tele. Hula ta yi gabas, takalmi ya yi yamma. Sai wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa, ƙarar da ba daga tele ta fito ba.

Ya sauko a hankali, ya kwanta rub da ciki a kan daɓe. Hambali ya durƙusa yana lalubar bayansa da hannun majo. Mushe ya ɗago kai da ƙyar, gumi na zuba.

“Wace ƙafa ce?”

Duka suka juya ga tele. Jarumin ya ja baya taku biyu, ya yi kamar zai faɗi, ya duƙa, ya juya.

“Dama ce,” in ji Hambali. “Ashirin bisa ashirin, Mushe. Amma yaya aka yi ka riƙe shi haka, bayan shekara arba'in?”

“Ƙwaƙwalwa,” in ji Mushe cikin nishi.

Fanna tana zuba fura a kofuna, ba ta ko ɗago kai ba.

“Duk ranar kasuwa yake kallonsa, in na fita. Ina dawowa in tarar ya ture kujeru gefe.”

Ba wanda ya yi dariya a lokacin, don mutum yana kwance. Sai da suka fita waje.

Ranar Asabar aka yi zaɓe babu shi. Hambali ya ce tsoka ce ta murɗe, sati biyu a kwance, ba tsalle. Da la'asar wakilai uku suka zo gidan, Alhaji Alhassan a gaba. Suka tarar da Mushe a kan katifa, rub da ciki, amma ya sa an ɗora masa hula, ga takardar jawabin godiya shafi huɗu a ƙarƙashin haɓarsa.

Bayan gaisuwa da ya jiki, Alhaji ya gyara murya.

“Mushe, kujerar al'adu dai Hambali aka ba.”

Hula ta ɗan karkace.

“Amma taro ya ce ba za a bar baiwa irin taka ta tafi a banza ba. An kafa sabuwar kujera, kuma ba hamayya, kowa hannunsa a sama. Kai ne mai kula da motsa jiki. Wallahi a cikinmu babu wanda ya ɗaga ƙafa haka tun shekara ashirin.”

Ya sa hannu a aljihu ya ciro usur sabo fil, mai jan zare, ya ajiye a kan matashi dab da hancin Mushe.

“Jama'a suna tambaya, yaushe za a fara?”

Mushe Sha'ibu ya ja dogon numfashi zai ba da amsa mai tsawo. Ƙugu ya ce bai yarda ba.