Ranar da Na Ba Injina Man Ƙosai

Ana gobe sunan ɗan ƙanwata a Affala, gazwal ɗin injin niƙana ya kusa ƙarewa, ga buhu biyu na hatsin biki suna jirana. Sai na tuna wani direba a Tahoua ya ce mani ana gauraya gazwal da man girki, inji ya yi aiki lafiya lau. Ban tambayi yadda ake tace shi ba. Ni da na shekara goma a kan inji, wa zai koya mani?

Na ɗauko man da matata ta soya ƙosai da shi, na tuttula.

Injin ya tashi, ƙamshin ƙosai ya cika rumfa. Can sai ya fara tari. Gabana ya faɗi, ina shafa shi ina salati, har ya yi tsit.

Mata suka kwashe hatsinsu suka koma ga turmi cikin rana, ba wadda ta dube ni. Da makanike ya buɗe matacin mai, guntun albasa ya zaro, ya ɗaga kowa ya gani.

Har yau in gwaggona ta kawo niƙa sai ta ce, "Ɗana, injin ya karya kumallo, ko in kawo mashi kunu?"