Idanun Direbobin Jibiya

Ko zan manta da komai na karatun digirina na uku, ba zan taɓa mantawa da ranar da Farfesa mai duba aikina ta biyo ni Jibiya ba. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun yi zafi.

Bincikena a kan ƙarfin ganin direbobin manyan motoci ne, sai na ce ina zan je da ya wuce gida? Na kafa teburina a wata rumfa kusa da bakin iyaka, inda motocin hatsi ke jiran tsallakawa Maraɗi. Na rataye allon gwaji, irin wanda alamominsa ke kama da yatsu uku, mutum ya nuna da hannu ko sama suke kallo ko ƙasa, ko dama ko hagu. Rumfar ta Kawu Sale ce, ƙanen mahaifiyata, shi ya goya ni ina ƙarami. Shi ke tara min direbobi, a shagonsa kuma allon ke kwana.

Kwana biyun farko an sha fama. Daga rana ta uku kuwa, tabɗijam! Duk wanda ya zauna sai ya zarce har layin ƙasa, wanda ni kaina da tabarau sai na ƙanƙance ido. Haka aka yi ta tafiya har wata biyu. Da wani mai hankali ne, da ya tsaya ya yi tunani. Ni kuwa (Allah ya yafe min) har na fara gwada yadda zan tsaya a gaban taron masana in ce na gano yawan kallon doguwar hanya yana wasa ido. Na buga wa Farfesa waya, wadda sa hannunta ne digirin, na ba ta labari. Ta ce, "To, zan zo in gani."

Ranar da ta zo na sha babbar riga. Kawu ya kawo wani dattijo ɗan Maraɗi, Malam Idi, ya ce gwaninsu ne. Ya zauna ya ce, "Lokotoro, bismilla," wato likita a bakinsu na Nijar. Ina nunawa yana kaɗa hannu, sama, dama, dama, ƙasa, ko gargada babu. Ina satar kallon Farfesa ina murmushi.

Sai ta tashi ta juya allon, farin bayansa ya fuskanci Malam Idi. Ta ce, "Baba, a sake mana."

Wallahi bawan Allah nan ya sake, tun daga sama har ƙasa, bai kuskure ko ɗaya ba. Direbobi suka ɗauki tafi.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kafin in buɗe baki Kawu ya matso yana gyara hula, ya ce, "Hajiya, ai kullum bayan la'asar nike biya masu. Yaron ga marigayiya yayata ta bar mani shi. In zauna ina kallo mutane na faɗuwa jarrabawa tai, a ce bai iya aiki ba? Ko kusa!"

Ashe shi a ganinsa in direba ya kasa, ni na faɗi. Su kuma direbobin suna tsoron in an ce idonsu ya raunana za a raba su da sitiyari, sai haddar ta yi wa kowa daɗi. Ni da nake bin layi ɗaya kullum kamar mai jan carbi, ban taɓa tsallake ko alama guda ba.

Farfesa ta yi dariya har da goge hawaye, sannan ta haska idon Malam Idi, ta ga yanar ido ta kusa rufe na hagu. Ta lallashe shi da kanta, aka yi masa aiki a Katsina, ya koma tuƙinsa. Ni kuwa aikin wata biyu ya tafi kwandon shara, digiri ya ƙara shekara. Na so in yi fushi da Kawu, amma da ya ce, "Na ɓata maka ko, ɗana?" sai na ji tausayi ya kama ni, na ce a'a.

Yanzu ni ma ina da ɗalibai. Duk wanda ya shigo ofishina yana haki da sakamako mai kyau fiye da kima, ba na fara duba lissafinsa. Nakan ce ya zauna tukuna, ya faɗa min ko yana da kawu a garin.