Akuyar da Na Karanta Ranar Jarrabawa

Ba zan taɓa mantawa da jarrabawarmu ta fita aji ɗaya a makarantar manya ba. Ko yanzu na tuna sai in ji kunya ta rufe ni, ko da ni kaɗai ce a ɗaki, kuma galibi ni kaɗai ɗin ce.

Aikin maigidana, Baban Hafsat, ne ya kawo mu Lugbe, kusa da filin jirgin saman Abuja. Direban babbar mota ne, sai ya yi makonni a hanya. Da safe yara su tafi makaranta, maƙwabta su kulle ƙofa su wuce ofis, a bar ni da ƙarar jiragen sama. Shi ya sa na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi bayan azahar a wata firamare (gaskiya ba son karatu ne ya fara kai ni ba, neman wanda zan ce wa sannu ne). A can na samu Maman Blessing, 'yar Gbagyi mai sayar da doya. Benci ɗaya muke zama, tare muke takowa gida. A duk Abuja ita kaɗai ta san ba na cin kuɓewa.

Yadda ake koya mana shi ne Malama ta karanta layi, mu maimaita da ƙarfi. Ni kuwa tun ina yarinya a Islamiyya, abin da kunnena ya ji sau biyu ya zauna. Kowane darasi kuma da hotonsa a sama. In na ga akuya, sai bakina ya kama darasin akuya, yatsana yana bin layi kamar gaske. Wallahi na ɗauka karatun ke nan. Maman Blessing tana can tana fama da harafi ɗaya-ɗaya har da gumi, ni na kai ƙarshen shafi.

"Maman Hafsat, kai kwamfuta ne," haka take ce mini (kowace mace "kai" ce a bakinta). Ni kuma in sunkuyar da kai, wai kunya, alhali daɗi nake ji.

Aka ce wadda ta ci jarrabawa za ta koma aji biyu, na safe. Wadda ta faɗi ta zauna a na rana tare da sababbi. Ni Maman Blessing nake ji wa tsoro. Har addu'a na yi mata ta ci, kada a raba mu.

Ranar, wata Hajiya ta zo daga ofishin ilimi, mai fara'a, da tabarau. Ba littafinmu ta riƙo ba, kwafin shafuka ne, injin kuma ya cika tawada, duk hotunan sun zama baƙin dunƙule. Malama ta ce a fara da gwanar aji. Na tashi, na karɓi takarda, na duba dunƙulen. Na ga wani abu ya ɗan fito ta gefe kamar ƙaho. Na ce a raina, shi ke nan, akuya.

Na fara da murya mai daɗi: "Ladi tana da akuya. Akuyar Ladi ta haifi 'ya'ya biyu." Ina tafe yatsana yana tafe. Sai rubutun ya ƙare, darasin akuya kuwa da saura. Na ci gaba da jan yatsa a kan farar takarda har ya sauka kan tebur.

Hajiya ta gyara tabarau.

"Sannu da ƙoƙari, Maman Hafsat. Nuna mini inda aka rubuta akuya."

Na zaɓi wata kalma mai kyan gani na ɗora yatsa.

"Wannan tukunya ce," in ji ta a hankali. "Darasin tafasa ruwan sha ne."

Ashe ƙahon nan bakin buta ne. Babu wadda ta yi dariya, kuma da sun yi da ya fi mini sauƙi. Maman Blessing ce kawai ta matso ta raɗa mini, "Bari shi, akuya ma yana shan ruwa."

Da aka kira ta, ta karanta nata da ƙyar, tana tsayawa tana haɗa baƙi da wasali kamar mai tsinke zogale. Amma abin da ke kan takardar ta faɗa. Ta wuce aji biyu. Addu'ata ta karɓu rabi.

Yanzu ina ajin rana tare da sababbin mata, waɗanda ba su san an taɓa kirana gwana ba. Lokacin da nake tafiya, Maman Blessing ta riga ta koma kan doyarta. Mukan gaisa a bakin titi in mota ba ta shiga tsakani ba, sannan in tako gida ni kaɗai. Kafin in karanta shafi, tafin hannu nake sawa in rufe hoton, in bi haruffa a hankali har wata ta yi hamma.

Abin da na koya shi ne, mutum zai iya ɗauke littafi sukutum a ka bai taɓa karanta shi ba. In kuma za ki yi wa ƙawarki addu'ar cin jarrabawa, ki daure ki saka sunanki a ciki.