Sulusin Baba

Ni dai da ban shiga motar Bici ran nan ba, da na huta. A ciki wani malamin kwaleji ya ce min masu hoto na gaske ba sa sa mutum a tsakiya, kashi uku suke raba hoton, su ajiye mutumin a kashin gefe. Na haddace tsaf.

Da muka gama girbi, Baba ya sa babbar rigarsa ya tsaya a bakin rumbu. Bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba sai ranar. Ƙanwata Hanne ta ce, "Yaya, daidaita shi mana."

Na ce, "Ke me kika sani? Ilimi ne wannan."

Na yi ta karkata waya har rabin fuskar Baba ya fita daga hoton. Jakinmu kuwa ya fito a tsakiya, har haƙora.

Kafin damina Allah ya yi wa Baba rasuwa. Hotonsa ke nan kaɗai da muke da shi.

Ranar rabon gado Hanne ta ɗaga wayar ta ce, "Baba ya samu sulusi, jaki ya gaje sauran." Har yau, ko a masallaci, Malam Sulusi ake ce min.