Baron Ya Samu Likita

A duk faɗin jihar Ohio ta Amurka ba a taɓa yin mai tausayi irin Mista Thaddeus Pembrook ba, shi ma ya sha faɗin haka da bakinsa. Shi ne shugaban kwamitin amintattu na asibitin masu taɓin hankali na gundumarmu. Mu dai Uban Marasa Gata muke ce masa. Don a sami wurin kafa hotonsa a zauren asibitin, gadaje takwas kacal aka fitar.

"Ciwon ƙwaƙwalwa bai san mai kuɗi ba, bai san talaka ba!" Haka yake faɗa a kowace liyafa. Ai kuwa. Ranar da ɗansa ya bi motocin filin wasan golf yana farfasa gilasai, kafin rana ta faɗi yana wani gida a bakin tafki. Aka ce gajiya ce, hutawa yake.

Lorene ta shekara goma sha tara tana dafa wa Mista Pembrook abinci. Mijinta Otis, direban bas, ya daina barci, ya koma hira da rediyon da ba a kunna ba. Kwana huɗu ya yi a kan kujera a sashen gaggawa, aka ce babu gado.

"Yallaɓai, kalma ɗaya daga bakinka ta isa," in ji Lorene. "Tsoro nake kada ya illata kansa."

"Haba Lorene! Ke fa 'yar gida ce. In na yi miki alfarma, ina adalcin? Kira 'yan sanda, su ba sa bin layi."

Ta kira su. Otis ya sami gado nan take, na siminti, a kurkukun gunduma.

Sati bai zagayo ba Baron, karen Mista Pembrook, ya ƙi cin abinci. Hankalin Uban Marasa Gata ya tashi. Waya ɗaya ya buga, a ranar likitan damuwar dabbobi ya karɓi Baron a ɗaki mai darduma da kiɗa mai sanyi. Likita ya rubuta magani, ya ce kare na ɗaukar baƙin cikin mutane, lallai wani na yawan kuka kusa da shi.

Mista Pembrook ya wuce kicin da kansa, abin da bai taɓa yi ba, idonsa cike da tausayi.

"Lorene, ki duba halin da bawan Allahn nan yake ciki. In kukan ya taso miki, ki riƙa yi a gareji."