Zanga-zangar Ƙwai a Falon Farfesa

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar da na tsaya a falon Farfesa Sa'idu a Nassarawa ba, gaban malamai biyar, ina fassara musu rubutun Sinanci alhali ko baƙi ɗaya ban sani ba.

A lokacin ina digiri na biyu a fannin kimiyyar siyasa, bincikena a kan zanga-zangar ma'aikata a ƙasar Sin. Sashenmu ya sami gurbi ɗaya na zuwa can, wata uku ana nazari a wata jami'a. Mu biyu muka kai ƙarshe, ni da Maryam, wadda ke rubutu kan cinikin Sin da Afirka. Farfesa, wanda ke duba aikinmu, ya ce mu zo gidansa bayan la'asar kowa ya yi bayani, malamai su zaɓa.

Na riga kowa zuwa. A falon na tarar da wani dattijo da hula a gwiwa yana cin gyaɗa. Muka gaisa, ya ce sunansa Alhaji Nasiru, ƙanin Farfesa, yana sayar da atamfa a kasuwar Kwari. Ya tambaye ni me nake karantawa. Na gyara zama (wannan gyara zaman shi ne farkon wahalata) na shiga yi masa bayanin ƙasar Sin a hankali, yadda ake yi wa ɗan firamare. Har na ce masa, "Alhaji, ku kayansu kuke gani, mu kuwa cikin ƙasar muke dubawa." Ya ce, "Haka ne, Malam," ya ci gaba da ɓare gyaɗarsa.

Maryam ta fara. Ba kwalliya a bayaninta, amma duk tambayar da aka jefo sai ta cafe. Ina zaune ina saurare. Na san idan ban zo da abin da zai girgiza falon ba, gurbin ya tafi.

Kuma ina da shi. Wani hoto ne da na tsinta a intanet kwana biyu kafin nan: cincirindon tsofaffi a gaban wani dogon gini, wasu maza cikin kayan sarki sun tare ƙofa, sama kuma jan ƙyalle da manyan rubutu. Wanda ya saka hoton ya rubuta cewa 'yan fansho ne ke bore. Ban bincika ba. Na yi niyya, wallahi, amma hoton ya dace da babi na uku na bincikena kamar don ni aka ɗauke shi.

Na haska shi a bango da majigi. Na nuna fuskokin tsofaffin, na ce a dubi ɓacin rai. Na nuna masu kayan sarkin, na ce a dubi ƙarfin hukuma. Har na ga Farfesa yana gyaɗa kai. Sai Dakta Halima, wadda ɗalibai ke tsoro saboda ba ta barin magana ta wuce, ta sauke tabarau.

"Malam, me aka rubuta a ƙyallen?"

Da na ce ban sani ba, da an wuce wurin. Amma na kalli Maryam, na kalli Farfesa, sai na ji bakina yana cewa, "An rubuta, 'Ku ba mu haƙƙinmu.'"

"Ka iya Sinanci ke nan?"

"Ina ɗan taɓawa."

Ta rubuta wani abu a takardarta. Ina shirin wucewa hoto na gaba sai na ji gyaran murya daga kusurwa.

"Yaya," in ji Alhaji Nasiru, yana duban Farfesa, "ko a ɗan ƙara girman hoton?"

Farfesa ya yi mini alama. Na ƙara. Alhaji ya taso, ya matso bango, ya karanta da wata murya mai hawa da sauka da ban taɓa zaton za ta fito daga bakin Bakano ba. Sannan ya juyo gare ni, da tausayi a fuskarsa (tausayin nan ya fi mari ciwo).

"Malam, ka yi haƙuri. Cewa aka yi an buɗe sabon kanti, wanda ya zo da wuri za a ba shi ƙwai kyauta. Waɗannan masu gadin kantin ne. Tsofaffin can ba sa wasa da layin ƙwai."

Farfesa ya ce a hankali, "Nasiru ya yi shekara goma sha biyu a can."

Ba wanda ya yi dariya, kuma da sun yi da na fi samun sauƙi. Maryam ta sunkuyar da kai tana duban takalminta. Dakta Halima ta ce, "To, ɓacin ran da ka gani a fuskokinsu fa?"

Alhaji ya so ya cece ni. "Wataƙila ƙwan ne ya kusa ƙarewa, Dakta."

A nan Farfesa ya kasa daurewa, ya rufe fuska da hannun riga, kafaɗunsa na girgiza. Sauran bayanina ban san me na ce ba. Na dai tuna na fita har bakin titi ba jakata, sai da na koma na sake yin sallama.

Maryam ce ta tafi, kuma ta cancanta. Ranar Litinin Farfesa ya kira ni ofis ya ce kuskuren hoto kowa na iya yi, amma ƙaryar iya yare ita ce ta ba shi kunya. Ya sa na sake babi na uku daga tushe. Har na gama digirin, a sashenmu Malam Mai Ƙwai ake kirana.

Yanzu ni ma ina koyarwa. Rubutun da ban iya karantawa ba na daina fassara shi, kuma duk inda na ga jama'a sun yi cincirindo, kafin in ce bore ne sai na tambaya me ake rabawa.